Ajin koyon C na bayan tasha: malami ya iya, ɗakin ne sai haƙuri

Masu tambayata kan ajin koyon rubuta manhaja da ake yi a shagon kwamfutan nan na bayan tashar garinmu, hanyar Ringim, to ga abin da na gani. Kuɗin ba laifi gaskiya. Ɗakin kuwa zafi kamar gidan burodi, kwamfutocin ba su ishe mu ba, yawancinmu a waya muke yi da Termux, wata manhajar Android da ake rubuta aiki a gwada a cikinta, in batirin sola ya yi ƙasa da la'asar shikenan an tashi.

Amma malamin wallahi ya san aikinsa. Yaren C yake koyarwa, in ka kai masa aiki ka buɗe fayil da umarnin fopen ba ka duba ko NULL ta dawo ba, wato alamar fayil ɗin bai buɗu ba, ko kallo ba zai yi ba, sai dai ya ce "ɗalibi koma ka ji me ta ce maka". Har fclose mai rufe fayil sai ka duba abin da ta dawo da shi, wai don abin da ka rubuta da fprintf sau da yawa yana zaune ne a ma'ajiyar wucin gadi bai sauka a fayil ba sai an zo rufewa. Ya nuna mana ido da ido, ya cika wata tsohuwar filasha dam, fprintf ta wuce lafiya lau, fclose ce ta dawo da EOF, alamar ƙarshen fayil ko matsala, maimakon 0 na nasara.

Inda ya fi burge ni shi ne nacin da yake yi sai aikinka ya yi a kowace na'ura. Baya yarda ka rubuta -1 a wurin EOF, ya ce ƙa'idar C tun ta 1989 cewa kawai ta yi lamba ce ƙasa da sifili. Su remove da rename da fseek kuma, masu goge fayil da sauya masa suna da matsawa a cikinsa, 0 ne nasara, duk abin da ba 0 ba matsala ce, kar ka tsaya jiran wata lamba takamaimai. Wani yaro ya zuba sakamakon fgetc, mai karanta harafi ɗaya-ɗaya daga fayil, a char (mazubin harafi) maimakon int (mazubin lamba), a laftof ya yi aiki, da aka sa a waya sai ya ƙi tsayawa yana ta juyawa, ashe a ARM, irin ƙwaƙwalwar da ke cikin wayoyin Android, char ba ta ɗaukar lamba ƙasa da sifili, EOF ba za ta taɓa kamawa ba, ranar mun sha dariya. Haka errno, inda ake ajiye lambar dalilin matsala, ya ce POSIX, ƙa'idar tsarukan irin su Unix, ce ta wajabta wa fopen saita ta, ƙa'idar C ba ta yi wannan alkawarin ba, to NULL ɗin za ka fara dubawa kafin ka kira perror mai buga bayanin matsalar. In fread mai karanto bayanai daga fayil ta kawo ƙasa da abin da ka nema kuma ka tambayi ferror da feof, ko fayil ne ya ƙare ko matsala ce.

Matsalarsa ɗaya sauri, kuma baya raba takarda, sai dai ka ɗauki hoton allo kafin ya goge. Wanda ko printf, umarnin buga rubutu a fuskar kwamfuta, bai taɓa rubutawa ba ya ɗan fara a gida tukun, Malam baya jiran kowa.