Fich sabon tsinka ko na gwangwani, wanne za a sa a kek?

Tun da na yi kek ɗin nan na fich (ɗan itace mai ƙwallo ɗaya a tsakiya, peach da Turanci) da ake yankawa gida-gida ake ta tambayata wanne ya fi, to ga abin da na gani.

Sabon tsinka dai lokaci gare shi, a Amurka da Turai daga Yuni zuwa Agusta yake nuna, da ya wuce kuma sai tsada. Ga aiki, sai kin tsoma shi a tafasasshen ruwa kamar sakan 30 sannan ruwan sanyi kafin ɓawon ya saluɓe, ki cire ƙwallon, kuma in ba ki barbaɗa masa cokali ɗaya na kwanfulawa ba ruwansa zai jiƙe ƙasan kek ɗin ya yi caɓal. Amma ƙamshinsa idan ya fito daga oben, wallahi har maƙota sai sun ji, ga ɗan tsami-tsamin nan da nake so.

Na gwangwani kuwa buɗewa kawai, ki tsane ruwan sosai ki rage sukari don da zaƙinsa yake zuwa. Yana shekara a ajiye, sai dai ya fi laushi.

Mai yi don sayarwa ko mai sauri, gwangwani ya ishe ta. Wadda ta samu nunanne a lokacinsa kuma iyalinta za ta yi wa, ta ɗauki sabon.