Shayin ganyen rasberi da daren da ya kwana da ni a asibiti

Yau kwanana 46 da sauka, na gama wanka, hankalina ya fara dawowa jikina, don haka bari in faɗi abin da na gani game da shayin nan na ganyen rasberi da ake ta tallata wa masu ciki a Legas. Kun san shi, kun kuma san masu sayar da shi a Instagram da WhatsApp, ba sai na kama suna ba. Kwali biyu na saya, na sha ɗaya da rabi. Sauran na ajiye shi a saman firij.

Cikin fari ne, kuma tsoron naƙuda ya so ya kashe ni tun kafin ta zo. Duk matar da ta shigo gidanmu a Agege ta ga cikin nan sai ta zauna ta ba ni labarin yadda ta kwana uku tana abu ɗaya, kamar an aiko ta. Maigidan ya ce ba zan hau hanyar Zariya goyon ciki ba, gara Umma ta taho, haka kuwa aka yi. A layin awo ne wata da muke zama benci ɗaya ta nuna min tallar a wayarta. Wai ki sha, mahaifa ta yi ƙwari, awa biyu kin haihu, ba ƙari ba ɗinki. A ranar na tura kuɗi, washegari ɗan saƙo ya kawo a babur, ya kuma tsaya a bakin titi ya ce shi ba zai shiga layinmu ba saboda taɓo.

Na ɗauka zan ga abu ja kamar zoɓo, mai ƙamshin 'ya'yan itace, don hoton da ke jikin kwalin ke nan. Ashe ganyen bishiyar ake busarwa, 'ya'yan ba su ko leƙa ciki ba. Launinsa kamar Lipton da bai jiƙu ba, da ɗan bauri a ƙarshen harshe. Da zuma yana shiga lafiya, kuma ba ya hana barci irin baƙin shayi. Umma ta ɗauki jaka ɗaya ta shinshina ta ce, “Ke 'yar nan, wannan ai ciyawa ce aka yi wa kwali. Kuɗinku ne ya yi yawa.” Ita da ma ta zo da nata kayan: maganin zaƙi a ƙulle cikin leda, rubutu a jarka, da dabino rabin tiya. Maƙwabciyarmu Bayarabiya, wadda duk gidan muke ce wa Iya, ta ce mu duka wahala muke, lalo shi ne magana, wanda su suke kira ewedu. Kowa da nasa, ni kuma na zama gonar gwaji. Maganin zaƙin dai na ƙi, don nas ta ja mana kunne a kansa. Abin dariya shi ne na ƙi na leda na karɓi na kwali, alhali duk biyun ban san abin da ke ciki ba.

A sati na 32 na fara, kofi ɗaya da safe. Sati uku ina sha, kuma tsakani da Allah a wannan lokacin ban ga aibunsa ba. Har ma ya yi min rana, don maganin ƙarin jinin da ake ba mu a awo ya bushe min ciki, shayin kuwa ya sassauta shi. Da a nan na tsaya, da yanzu yabo kuke karantawa.

Sai mai sayarwar ta turo min saƙon murya ranar da na cika sati 35. Da muryar nan tata mai laushi, “Hajiyata, lokaci ya yi da za a ƙara wuta.” In zuba jaka huɗu a fulas, in cika da tafasasshen ruwa, in bar shi tun hantsi har la'asar, sannan in shanye kafin in kwanta. Na yi yadda ta ce ba tare da na tambayi kowa ba. Ya fito baƙi wuluk, baurinsa har yana kama haƙori, na toshe hanci na ɗura. Kafin magariba na zaga bayi sau huɗu.

Bayan sallar isha'i ina zaune ina ninke kayan jarirai na ji cikina ya ɗaure tamau, ya yi tauri kamar bayan ƙwarya. Ya saki. Can ya sake kamawa, wannan karon har ƙugu da mara. Na fara duba agogon waya, duk bayan minti bakwai ko takwas sai ya dawo. Watan Yuli ne, ruwa ake tsugawa tun la'asar, an ɗauke wuta, janaretan gidan ya ƙi tashi. Maigidan yana Mile 12 yana jiran motar albasa da ta makara, na kira shi sau biyar wayar ba ta shiga. Umma ta haska fuskata da tocila ta ce, “Wata nawa kika ce min?” Na ce takwas da 'yan kwanaki. Ba ta ƙara cewa komai ba, ta ɗauki mayafi ta fita cikin ruwan nan ta buga wa Iya ƙofa.

Mijin Iya ne ya fito da motarsa, Allah Ya saka masa, da wandon barci a jikinsa. Wanda ya san layukan Agege da damina ya san abin da nake nufi: kwata ta cika ta haɗe da titi, ba ka gane inda rami yake. Sau biyu motar tana mutuwa a cikin ruwa, wasu samari da ke fake a rumfar mai shayi suka turo mu, ɗaya daga cikinsu yana ta cewa “Sannu Hajiya, Allah Ya raba lafiya.” Da muka hau gadar Pen Cinema na ce an tsira, ashe wata tirela ta lalace a gaba, layi ɗaya ya rage. Tafiyar da ba ta wuce minti ashirin ba da dare, ta ci mana fiye da awa ɗaya. Umma ta riƙe hannuna tana karanto duk abin da ta haddace, Iya a gaba tana nata addu'o'in da Yarabanci. Ni kuwa ba ciwon ne ya dame ni ba, don ciwon bai kai yadda ake ba ni labari ba. Abin da ke kaina shi ne kwalba. Na san cewa sai an cika sati 37 ake cewa ciki ya isa haihuwa, na kuma taɓa ganin bakwaini a cikin kwalba da robobi a hanci. Ina ta lissafin cewa da hannuna na dafa abin nan na sha.

A asibiti nas ta duba ni ta ce bakin mahaifa a rufe yake gam, ko santimita ɗaya bai buɗe ba. Suka ɗaura min bel ɗin nan mai jin bugun zuciyar jariri, ɗakin ya cika da ƙararsa kamar sukuwar doki. A nan ne na fashe da kuka. Aka sa min ƙarin ruwa. Nas ɗin, wata babbar mace mai tabarau a kan hanci, ta tambaye ni me na sha. Na ce ban sha komai ba. Umma da ba ta jin Turanci amma tana jin ƙarya ta ce wa Iya, “Gaya mata ta sha ciyawar kwali, fulas guda.” Matar nan ta cire tabarau ta dube ni ta ce fulas? Faɗan da ta yi min a daren ko Umma ba ta taɓa yi min irinsa ba. Wajen ƙarfe uku ɗaurewar ta fara ja da baya, kafin asuba ta ɗauke gaba ɗaya.

Ba zan yi wa shayin ƙazafi ba. Likitan da ya zagayo da safe ya ce shi ba zai rantse cewa shayin ne ya jawo ba. Irin wannan ɗaurewar ciki tana zuwa wa mata da yawa a watannin ƙarshe ko ba su sha komai ba, musamman in ruwan jiki ya yi ƙasa, ni kuma ga zawayin da na yi. Amma ya ce in ajiye shi. Maigidan ya iso da ƙafafu duk taɓo, ya je ya biya kuɗin gado da na ruwa da na na'ura, ya dawo ya zauna. Bai ce min uffan ba. Da faɗa ya yi min da ya fi min sauƙi.

To a nan ne raina yake ɓaci duk lokacin da na tuna. Da muka dawo gida na rubuta wa mai sayarwar duk abin da ya faru. Kun san amsar da ta ba ni? “Alhamdulillah Hajiyata, ai aiki yake yi, mahaifa ce take atisaye.” Har da hoton fure. Na kwana a gadon asibiti da allura a hannu, ita tana min barka. Sai a lokacin na koma sama na karanta hirarmu tun daga farko. Tambaya ɗaya ta taɓa yi min: kwali nawa. Ba ta tambayi ko an taɓa yi min aiki ba, ko tagwaye ne, ko ina da hawan jini, ko na taɓa zubar da jini a cikin nan, ko jaririn a zaune yake, ko na taɓa haihuwar bakwaini. Duk waɗannan, su kansu ungozomomin Ingila da suka saba da ganyen suna cewa mai irinsu ta bar shi, ko ta fara tambayar masu duba ta. Abin da ya fi tayar min da hankali, facalata da ke Idi-Araba, wadda aka yi wa aiki a haihuwarta ta baya, ni na ba ta lambar matar nan, har ta saya. Na kira ta ko gaisuwa ban tsaya yi ba na ce, “Maman yara, don Allah kada ki sha abin nan sai kin nuna wa likitanki.” Ta ce ai ta fara jiya. Cikina ya ba da ƙara.

Na ɗauko kwalin na biyu na jujjuya shi a hasken taga. Babu lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ko ta rantsuwa, kuma wurin da ya kamata a ga ranar lalacewa an manna wata 'yar takarda a kai. Na farkon na riga na jefar, ban ko duba ba. Wannan kam laifina ne.

Ƙanwata da ke karatun ungozoma ce ta zauna ta warware min zancen a waya, tana yi tana min dariya. Ta ce, “Yaya, kin san minti nawa kika saya?” Bishiyar ta ƙasashen sanyi ce, matan Turai sun daɗe suna shan ganyenta. Tun 1941 aka gwada shi a mahaifar dabbobi a Ingila, kuma daga lokacin zuwa yau wani gwajin ya nuna yana sassauta mahaifa, wani ya nuna yana matse ta. Gwajin da aka fi kafa hujja da shi a kan mutane an yi shi ne a Sidni ta Ostireliya, aka buga a 2001. Mata 192 ne, duk masu cikin fari irina, kuma ƙwayar ganyen mai awo aka ba kusan rabinsu, giram 1.2 sau biyu a rana daga sati na 32, sauran aka ba su ƙwayar da ba ganyen a ciki don a kwatanta. Doguwar naƙudar nan ta buɗewar mahaifa, wadda ita ce azabar, ba ta ragu ba ko kaɗan. Lokacin nishi ne ya ragu da kusan minti 10, shi ma bambancin bai kai a buga ƙirji a kansa ba. Minti goma! Kuma ba wanda aka ba jaka huɗu a fulas. Ta ƙara da cewa dabinon Umma ma an gwada shi a Jodan a 2011, guda shida kullum a sati huɗun ƙarshe, waɗanda suka ci suka zo asibiti mahaifarsu ta fi buɗewa, kodayake matan ba su da yawa. Da na gaya wa Umma ta ce ita ba ta jira Jodan ba, yana cikin Suratu Maryam.

Duk da haka, kada ku ce na yi hankali. Da na wuce sati 38 ciki ya ishe ni, ƙafa ta kumbura, barci ya gagara, sai na koma wa likita da roƙo. Ya ce in dai na nace, kofi ɗaya marar ƙarfi, kuma kada in haɗa shi lokaci ɗaya da maganin ƙarin jini, don abin da ke sa shayi bauri yana rage yadda jiki ke ɗaukar maganin. Na ci gaba da sha, ina cin dabino, ina shan rubutu, Iya kuma kullum sai ta aiko da miyar lalo.

Naƙudar gaskiya ta zo bayan ranar da aka ba ni da kwana biyar. Awa goma sha bakwai na yi. Sai da aka sa min ruwan naƙuda, aka kuma yi min ƙari, ɗinkin da har yanzu in na tuna sai na gyara zama. Awa biyun da aka yi min alkawari ko a mafarki. Abu ɗaya zan faɗa: da aka ce in yi nishi ban daɗe ba, nas ta ce bai kai rabin awa ba, har tana yaba min a matsayin mai haihuwar fari. Na samu 'ya mace, lafiyayya. Umma ta ce dabino da rubutu ne, Iya ta ce lalo ne, kuma ranar suna sai da suka yi musu a kai a gaban mutane. A raina na ce wataƙila minti goman nan nawa ne na karɓa. Sai na tuna kuɗin gadon daren nan da shirun maigidan, na ce kai, ya yi tsada.

In mace lafiyarta ƙalau, cikinta ya tsufa, mai duba ta ya yarda, ta kuma samu kwali mai lamba da kwanan wata, kofi ɗaya ba abin tashin hankali ba ne, shayi ne mai daɗin sha da zuma. Da farko na yi niyyar ba shi maki uku cikin biyar. Amma yanzu da na rubuta labarin gadar nan na ji zuciyata ta sake tafasa, biyu ya ishe shi, ita kuwa mai sayarwar ko ɗaya ba ta ci ba. Facalata ta sauka lafiya makon jiya, an sake yi mata aiki kamar yadda likitanta ya tsara tun farko, kwalinta kuma ta ce yara sun yi wasan girki da shi.

Shekaranjiya mai sayarwar nan ta sake turo saƙo, wai ta ga hoton suna, in taimaka mata da hoton jaririya da 'yar shaida ta saka a shafinta, kuma akwai sabon shayi na ƙarin ruwan nono da ya iso. Na buɗe na karanta na bar mata shuɗin layi biyu. Da na je in ɗauko ragowar kwalin in zubar sai na ji ya yi shafal, jaka uku suka rage. Ashe Umma ce take dafawa kullum da dare da zumata, wai ciyawar ba ta hana ta barci.