Sharhi: Mustang ruwan ɗorawa, daga hawa zuwa sayarwa

Ford Mustang ƙirar 2016 na hau, mai injin EcoBoost lita 2.3, kuma ban daɗe da sayar da ita ba. Kan inji da gudu an sha yin bayani. Ni kan fenti zan tsaya, don shi ya fi jawo mini surutu, shi ne kuma ya yanke farashi ranar ciniki.

Launinta ruwan ɗorawa ne, wanda Ford ke kira Triple Yellow. A ido kam ya haɗu. Mota mai ƙofa biyu da dogon bonet irin wannan, ruwan toka ɓoye mata ƙira yake yi, amma wannan fentin yana fito da duk wata lanƙwasa ta jikinta, musamman da la'asar sakaliya. Ko mai na tsaya sha sai samari sun zagaye ta da wayoyi. Abokai kuwa ba su raga mini ba, wai na zuba miliyoyi na sayo A Daidaita Sahu. In a Kano kake, ka shirya wa wannan zolayar. Da hunturu ma ta yi mini daɗi, ƙura ba ta tona mata asiri kamar yadda take yi wa baƙar mota.

Inda na ji jiki shi ne gyara. Wani mai babur ya goge mini bambar baya a cunkoso. Fentin nan hawa uku ne: na ƙasa, da na tsakiya, sai ruwan sama mai sheƙi. Mai fentin da na kai wa ya duba lambar launi a takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, ya haɗa, ya fesa. A inuwar gareji sak. Da aka fito da ita rana sai ga bamba ta yi duhu, jiki ya yi haske. Ya sake fesawa, amma har na rabu da ita mai ido yana ganewa.

Kamfanin iSeeCars na Amurka, mai nazarin farashin motocin hannu, ya sha nuna cewa a can ruwan ɗorawa ne ya fi riƙe daraja bayan shekara uku, ruwan lemo ma yana sahun gaba. Dalilin a fili yake: kaɗan ake ƙerawa, kuma yawanci a kan motocin gudu ake samunsu. Kasuwarmu dai da nata hukuncin. Tambayar dillali ta farko ita ce, "Fas bodi ce?", wato ko fentin asali ne a jikinta. Sai ya bi bakin ƙofofi da yatsa, ya ɗaga roba yana neman ɓurɓushin feshi. Da yawa sun zo sun yaba, sun tafi ba su taya ba. Wani dattijo ya ce mini, "Yaro, da baƙa ce ko fara, da yau na biya."

Wani dillali ya ba ni shawarar in mayar da ita baƙa don ta fita da wuri. Na ƙi. Sabon fenti a motar gudu, abin da mai saye zai fara zargi shi ne hatsari, ga kuma wahalar gyara takardu.

Ta daɗe a hannuna fiye da yadda na so. Daga baya wani matashi ya taso daga Abuja, shi wannan launin yake nema takanas, ya ce ya gaji da ganin baƙaƙe da jajaye. Bai ja ciniki ba. Ga wanda ba ya gaggawar sayarwa, launin ya biya kuɗinsa. Mai juya mota duk shekara gara ya nemi fara. Ragin da matashin ya nema guda ne, na bambar nan, kuma na sallama.