Gargaɗi ga masu yankan giyar inji a Zariya game da wani mai tallar manhajar bogi

Ina jan hankalin 'yan'uwa masu sana'ar ƙere-ƙere a Sabon Gari da Samaru da Tudun Wada, musamman waɗanda suka fara aiki da injin yankan ƙarfe mai bin umarnin kwamfuta, cewa akwai wani mutum da ke zagaya shaguna da filash a aljihu yana tallar manhajar zana haƙoran giya, wato faifan ƙarfe mai haƙora da ke juya inji. Yana cewa shi wakilin wani kamfani ne na ƙasar waje, kuma lasisin da yake sayarwa na har abada ne. Na saya, na yi asarar kuɗi da ƙarfe, saboda haka nake so in bayyana inda ha'incin yake, domin ba kowane ido ne zai gan shi ba.

Duk wanda ya daɗe a wannan aiki ya san cewa gefen haƙorin giya ba guntun da'ira ba ne. Lanƙwasa ce ta musamman da injiniyoyi ke kira imbolut, wato irin layin da bakin zare ke bi idan ana warware shi a miƙe daga jikin gwangwani. A tsarin da aka fi amfani da shi, mai kusurwar digiri 20, giyar da haƙoranta suka gaza 17 takan gamu da matsala, domin abin yanka yakan ƙwaƙule gindin haƙorin har ya sirance, ya rasa ƙarfin ɗaukar nauyi. Maganin da aka sani shi ne a gusar da abin yanka waje kaɗan daga tsakiyar giyar, sai gindin ya yi kauri, kan haƙorin kuma ya ɗan tsuke. Wannan gusarwa ita ce mutumin yake alfahari da cewa manhajarsa ta ƙware a kai, kuma a nan ne ƙaryar take.

Dabararsa ita ce ya yi gwaji a gabanka da giya mai haƙora 30 ko 40, wadda ba ta buƙatar gusarwa ko kaɗan, zanen ya fito tsaf, kowa ya gamsu. Ni ma haka aka yi mini. Sai da wani mai injin matsar man gyaɗa ya kawo mini aikin ƙaramar giya mai haƙora 12, modul 3 (modul shi ne ma'aunin girman haƙori a milimita), na sa gusarwa ta 0.3, wato 0.3 na modul ɗin, kamar yadda lissafi ya nuna, sannan asiri ya tonu. Faɗin giyar daga waje ya tashi daga milimita 42 zuwa 43.8, wanda daidai ne, kuma wannan ne ya sa hankalina ya kwanta na yanka. Ashe abin da manhajar ta yi kawai shi ne ƙara wa haƙoran tsawo, ta bar kaurinsu da gindinsu yadda suke. Kaurin haƙori a kan da'irar ma'auni, wato da'irar da ta ratsa kusan tsakiyar tsawon haƙoran, ya kamata ya tashi daga kimanin milimita 4.71 zuwa 5.37, amma bai motsa ba. Da aka ɗaura giyar sai ta riƙa ƙara tana girgiza, ba a jima ba haƙori ya karye daga gindi, ni kuma na biya mai injin daga aljihuna, ban da kunyar da na sha a gaban mutumin da ya daɗe yana kawo mini aiki.

Akwai gwaji mai sauƙi da zai hana kowa faɗawa wannan rami, kuma da na yi shi tun farko da ban kai ga wannan rubutu ba. Kafin ku ba shi ko kwabo, ku ce ya zana wannan giya mai haƙora 12 sau biyu, ɗaya ba gusarwa, ɗaya da gusarwa ta 0.3, sannan ku auna tazarar da ta haɗe haƙora biyu daga gefen wannan zuwa gefen wancan. Ta farko za ta ba da kimanin milimita 13.79, ta biyu kuma dole ta kai kimanin 14.40. Idan lambobin biyu suka zo ɗaya, to manhajar ado kawai take zanawa. Ku kuma tambaye shi yadda tazarar da ke tsakanin sandunan giya biyu masu juya juna za ta kasance bayan gusarwa, domin wanda ya san aikin zai gaya muku cewa ba ta canzawa idan aka rage wa babbar giyar daidai abin da aka ƙara wa ƙaramar, amma tana canzawa idan ba a yi haka ba. Da na yi masa wannan tambaya daga baya ta waya, kame-kame ya shiga yi.

Lasisin har abadan ma bai cika wata biyu ba manhajar ta kulle kanta, ta buƙaci sabuwar lamba. Ya nemi ƙarin kuɗi a tura wani asusu mai suna dabam da wanda ya gabatar da kansa da shi, da na ƙi sai layinsa ya daina shiga. Abin takaici shi ne FreeCAD, wadda ake saukewa kyauta daga intanet, tana zana giya mai imbolut, kuma da ita nake aiki yanzu, ina auna kowace giya kafin ta bar shagona.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda tare da shaidar tura kuɗi da karyayyiyar giyar. Wanda ya riga ya biya shi ya adana rasit da saƙonnin da suka yi, kada kuma ya yanka wani ƙarfe da zanen wannan manhaja sai ya auna.