NH35 ko 6497: wane inji mai koyon haɗa agogo zai fara da shi?

Matasan Aboabo da Asawase a Kumasi da suka kamu da son haɗa agogon hannu mara batir sukan rabu biyu a kan injin farko.

Mafi yawa Seiko NH35 na Japan suke ɗauka. Da motsin hannu yake wana kansa, yana da duwatsu 24, wato ƙananan jajayen duwatsun da ke rage gogayya a inda tayoyin injin suke juyawa, in ya cika yakan kai awa 41 yana aiki. Ka nemo gida da fuska da hannuwa, ka haɗa, kafin magariba agogo na wuyan hannunka. Sai dai cikin injin bai buɗe maka ba.

Ni Unitas 6497 nake so wa mai koyo. Asalinsa injin agogon aljihu ne na Suwizalan, faɗinsa milimita 36.6, na NH35 kuwa 27.4. Wannan faɗin shi ne rahamarsa, domin mai koyo ya fi ganin sassansa da kyau. Duwatsu 17, ba kwanan wata, da yatsa ake wana shi. Za ka kwance shi ƙusa-ƙusa, ka wanke, ka ɗiga mai da bakin tsinke a tsakiyar jan dutse, ka mayar da ƙaramar tayar nan mai siririyar waya, ka ga ta fara kai da komo, bugu 18,000 a awa. In kuɗi sun yi kaɗan, Seagull ST36 na Sin kwafinsa ne.

Da hunturu, ka kife kofin gilashi a kan injin duk lokacin da ka tashi, domin ƙwayar ƙura ɗaya tana iya tsayar da shi.