Dish ko intanet: wanne ya fi dacewa da kallon tashoshin Kirista a Sakkwato?

Baba Dattijo, barka da hidima. Kun ce ikilisiyarku na son sa talabijin a ɗakin taro domin masu bi su riƙa kallon wa'azi da waƙoƙi, amma kwamiti ya rabu biyu: manya sun ce a kafa dish, matasa sun ce intanet ya wadatar. A ganinmu, ɗakin da jama'a za su riƙa zama kullum dish yake buƙata, intanet kuma ya zo a matsayin ƙari.

Kafin a kira mai haɗawa, ku fara tsayar da tashar da kuke so. ACNN ta Angilikan ce, Dove TV ta Redeemed, Hope Channel ta Adventist wadda ta fara a 2003, EWTN kuma ta Katolika da aka kafa a Amurka tun 1981, kuma ba a kan tauraron ɗan'adam ɗaya dukkansu suke ba. Irin waɗannan tashoshi da baiko da gudummawar masu bi suke tafiya, shi ya sa da yawansu ke watsa shirye-shirye a buɗe. Dikoda marar kuɗin wata, irin su Strong, za ta kama waɗanda ke buɗe, in dai tana karanta DVB-S2 da MPEG-4, wato sabbin tsarin sigina da hoto. Tsohuwar dikoda mai MPEG-2 takan nuna sunan tasha, wani lokaci har da murya, amma allo baƙi ƙirin.

Kayan aikin ba su da yawa: dish mai faɗin santimita 90, LNB (na'urar da ke gaban dish mai karɓar sigina) na zangon Ku, kebul RG6, kawunan F (mahaɗan bakin kebul) guda biyu, da ƙarfen kafawa. Kada a yarda da mai santimita 60 don araha. Tashoshin bishara da dama sun daɗe a kan Intelsat 20 da ke digiri 68.5 gabas, kuma daga Sakkwato wannan tauraron ƙasa-ƙasa yake, kusan digiri 18 daga doron ƙasa, ta gabas da ɗan karkata kudu. Katangar maƙwabci ko dogon yaro guda ya isa ya tare shi. Idan kuka ga fuskar dish ɗin ta miƙe tsaye har tana ɗan sunkuyawa, daidai ne, ba kuskuren mai haɗawa ba ne. LNB ɗin ma sai an murɗa shi sosai a mazauninsa. A allon gwaji akwai layi biyu, Strength da Quality. Na farko yana nuna cewa LNB na samun wuta ne kawai, na biyun ne ke cewa an kama tauraro. Kada ku sallami mai aiki sai Quality ya haura 60 ya tsaya cak.

Abin da ke kashe dish a nan sananne ne. Guguwar farkon damina tana goce shi, kuma gocewar da ba ta kai faɗin yatsa ba ta isa ta ɗauke hoto, don haka a kafa ƙarfen da siminti ko a jikin bango mai ƙwari, kada a ɗaure shi a kan kwanon rufi. Ranar Afrilu tana gasa murfin robar LNB har ya tsage, ruwa ya shiga. Haka take busar da bawon kebul mai arha. Idan sili ɗaya na ragar cikin kebul ya taɓa tagullar tsakiya a kan F, dikoda za ta nuna an yi gajeriyar wuta, ko sigina ya mutu gaba ɗaya. Ruwan sama mai ƙarfi a Agusta yana ɗauke hoto na ɗan lokaci, ya dawo da kansa, kada kowa ya hau ya taɓa komai. Wata rana kuma tasha za ta ɓace alhali sauran suna nan. Yawanci ta sauya mita ne ko ta koma wani tauraro, domin hayar gurbi a tauraro da kuɗin waje ake biya. A shiga menu a yi Blind Scan, wato sabon binciken tashoshi, tukuna.

Intanet bai da wannan wahalar hawa bango, amma yana cin kuɗi a kowace awa. A YouTube, awa ɗaya a ƙaramin ingancin hoto na 360p tana cin kusan MB 300, a 720p kuwa tana kai GB 1 ko ta wuce, kuma a babban allo hoton 360p dishi-dishi yake. Sujadar awa biyu sau uku a mako a 720p ta haura GB 24 a wata, ga shi a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Kuma mutanen jihar nan ba su manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 saboda matsalar tsaro. Mai dish bai rasa tasharsa ba a lokacin. Dandalin ma ba na ikilisiya ba ne: a Afrilun 2021 YouTube ya rufe shafin Emmanuel TV, tashar T.B. Joshua, bisa zargin karya ƙa'idojinsa.

Sai dai matasan suna da gaskiya a wuri ɗaya mai nauyi, wato harshe. Yawancin abin da ke zuwa ta tauraro da Turanci ne, kuma mama da ke zumuntar mata ba za ta zauna awa biyu tana sauraron abin da ba ta ji ba. Wa'azin Hausa da waƙoƙin zumunta daga Jos, Kaduna da Zuru a Facebook da YouTube suka fi yawa. A can ne kuma fasto zai iya duba wa'azi tun kafin a nuna wa jama'a, abin da ba ya yiwuwa da shirin kai-tsaye, kuma ba duk mai riƙe da Littafi Mai Tsarki a talabijin ne koyarwarsa ta dace da ta ikilisiyarku ba.

Ta fuskar wuta, dikoda ba ta cika wuce watt 15 ba, talabijin LED mai inci 32 kuma wajen watt 50, don haka ƙaramin sola da batir mai kyau za su riƙe su ko babu NEPA. Ku sayi talabijin mai ƙofar HDMI biyu da USB. Ɗaya ta dikoda, ɗaya ta waya ko kwamfuta, wa'azin Hausa kuma da masu shi suka yarda a raba, a sauke shi da datar dare, a zuba a filash, a kunna ranar taro ko da sabis ya ɗauke.