Na damtse ko na tsintsiyar hannu: wace na'urar awon jini za ka saya?

Idan likita ya ce a riƙa auna hawan jini a gida, mutum kan shiga kemis ya tarar da na'urori iri-iri, mai kanti kuwa wadda ta fi tsada zai fara miƙo masa. Kafin ka zaro kuɗi, san abin da ake aunawa tukuna.

Zuciyar babban mutum na tura jini kusan lita 5 a minti guda yana zaune. Duk bugu ɗaya, jinin na danna bangon jijiya, sannan ya ɗan sassauta kafin bugu na gaba. Wannan ne lambobi biyun, misali 120 bisa 80. Jijiya kuwa kamar tiyo take: idan faɗinta ya ragu da rabi, wahalar wucewar jini takan ninka sau 16. Na'urar tana matse jijiyar damtse da iska har jini ya tsaya, sai ta saki a hankali tana lura da lokacin da ya fara ratsawa. Likitan Italiya Riva-Rocci ne ya fito da maɗaurin da ake naɗawa a damtse a cika shi da iska a 1896, Korotkoff na Rasha ya ƙara dabarar sauraron ƙarar jinin a jijiya a 1905.

Ta zaiba, mai dogon gilashi, ka bar wa asibiti. Ana ma janye ta saboda gubar zaiba. Mai agogo da ƙwallon roba da ake matsawa tana da araha kuma ba ruwanta da batir, amma sai da kunnen da ya ƙware, ga allurarta na kaucewa idan ta faɗi ƙasa. Auna kanka da ita aiki ne ja.

Saura biyu masu batir, kuma a nan ake yawan kuskure. Ta tsintsiyar hannu ƙarama ce, ta shiga aljihu, shi ya sa take jan ido. Matsalarta nauyin jini ne. Duk mai tanki a saman gida ya san famfon ƙasa ya fi na bene ƙarfi. Haka jini yake: duk santimita 10 da hannu ya sauka ƙasa da zuciya, awon zai ƙaru da kusan maki 8. Ka ɗora hannu a cinya, ga lamba ta haura, hankali ya tashi a banza. Ka ɗaga shi sama da ƙirji, ta nuna maka lafiyar da babu. Damtse kuwa dama daidai zuciya yake, musamman idan an jingina hannu a tebur. Ni dai ta damtse nake ba da shawara, sai ga wanda damtsensa ya fi ƙarfin kowane maɗauri.

Maɗaurin ma ya fi sunan kamfani muhimmanci, ko Omron ce ko Microlife. Ari tef ɗin tela ka auna kewayen damtse a tsakiya. Na gama-gari yakan ɗauki santimita 22 zuwa 32, babba 32 zuwa 42, akwai kuma mai haɗa 22 zuwa 42, wanda ya dace da gidan da Baba da Hajiya za su yi tarayya. Maɗauri ya yi kaɗan, sai an cika iska fiye da kima kafin jijiya ta rufe, awon ya fito sama da gaskiya. Ya yi yawa, ya fito ƙasa.

Wani abu kuma: masu batir ba sauraro suke yi ba, girgizar jijiya suke ji su yi lissafi. Saboda haka mai bugun zuciya marar tsari ya tambayi likitansa kafin ya saya. Bluetooth da muryar da ke karanto lamba ƙawa ce, sai dai ga mai raunin gani. Bayan ka saya, tafi da ita asibiti a gwada ta gefen tasu, a ga ko bakinsu ya zo ɗaya.